Likitan Inji da Fistin Na Uku

Duk wanda bai san yayana ba, to ko dai bai taɓa mallakar mota ba, ko kuma motarsa ba ta taɓa yin tari ba. A layinmu na masu gyaran mota ba a ce masa bakanike. Wannan sunan na masu kwanciya ƙarƙashin mota ne. Shi Likita ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya hutar da jama'a wahalar neman wanda ya dace da shi.

Yana da doguwar farar riga irin ta asibiti, wadda baƙin mai bai taɓa samun alfarmar taɓawa ba. Yana da abin sauraron ƙirji na likitocin gaske, rataye a wuya tun safe har a tashi. Idan aka kawo mota, ba ya tambayar abin da ke damunta, don tambaya aikin marasa sani ne. Hannu kawai zai ɗaga. Kowa ya yi tsit, har mai walda na maƙwabta ya kashe wutarsa. Sai ya ɗora abin a kan inji, ya lumshe ido, ya karkace kai, ya ce, "Hmm." Akwai waɗanda suka turo motarsu daga nesa don su ji wannan "hmm" ɗin kaɗai.

Sauran aikin, kwance wannan, ɗaure wancan, na ma'aikatansa ne. Rabon Likita da riƙe sifana tun gashin kansa yana baƙi. A cewarsa gyaran mota a ka yake, hannu ɗan aike ne kawai. Ma'aikatan nasa kuwa dattawa ne da suka iya aiki, suka kuma iya shiru, shi ya sa suka daɗe.

Ni ne autan gidanmu. Sana'ata kai ƙwai shaguna a wata tsohuwar akori-kura, da ita nake ciyar da mata da yara. Amma in ka tambaye ni a lokacin, babban muƙamina a duniya shi ne ƙanen Likita. Da na gama rabon ƙwai sai in zarce gareji, in zauna a kan benci, in riƙa yi wa baƙi fassarar "hmm". In ya ja ta da tsawo, in ce matsalar a ƙasan inji take. In ya yanke ta, in ce a sama take. Ba wanda ya koya mini wannan ilimi, kuma ba wanda ya taɓa ƙaryata ni, don haka na ɗauka gado ne. Har tafiyarsa na kwaikwaya, hannu biyu a baya, kai a sama, kamar mai duba rufin duniya ko yana yoyo.

Wannan gadon ne ya ja mini. Wata rana ina kan hanya sai tiyon ruwan lagireto ya fashe. Allurar zafi ta fara hawa. Wani direban da ba shi da ɗan'uwa Likita da ya tsaya. Ni kuwa na dubi allurar, na karkace kai, na yanke hukuncin cewa ƙarya take yi. Na ci gaba da tafiya. Sai da hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙafata, motar ta yi wani gurnani, ta tsaya da kanta ba tare da neman shawarata ba.

Da igiya aka ja ta zuwa gareji. Ma'aikata suka sauke injin, suka buɗe shi, suka jera fistin huɗu a kan tebur bisa kwali. Ga wanda bai sani ba, fistin wani ƙarfe ne kamar kofi da aka kife, yana hawa yana sauka a cikin ramin inji, kuma duk bugun wutar da ke tura mota a kansa yake sauka. In yana da lafiya, mota na da lafiya. In ya fashe a ciki, sai dai a yi wa mai mota jaje.

Na farko ba abin da ya same shi sai baƙin hayaƙi. Na biyu yana da 'yan zane-zane a gefe, waɗanda ko farce bai cika jin su ba. Na huɗu ya ɗan lotsa a ka. Amma na uku, ko ni da gadona sai da gabana ya faɗi. Gefensa ya ƙwarzane kamar an ja shi a kan kwalta. Ƙarfen ya narke ya shafe. Bakin ramin da zoben fistin ke zama ya gutsure. Kusa da hujin da sandar da ke riƙe fistin ke shiga kuma akwai wani siririn layi kamar gashi.

Likita ya zo, hannu a baya. Ya duba na farko, ya wuce. Ya duba na biyu da na huɗu, ya ce a goge su, za su koma. Da ya zo kan na uku ya daɗe. Na rantse na ga bakinsa ya fara haɗa kalmar "jefar". Har ya ce, "Wannan na ukun kam..."

Daidai nan Orijina ya leƙo.

Orijina shi ne mai shagon kayan gyara da ke tsallaken titi. Ya samu sunan ne don ko igiyar ɗaure batir ya sayar maka sai ya rantse orijina ce. Shi da Likita ba sa ga maciji tun lokacin da suka nemi shugabancin ƙungiyar layinmu tare, aka zaɓi Orijina. Likita ya ce shi dama bai so ba, kuma ya shafe shekaru yana bayanin yadda bai so ba.

Orijina ya leƙa ta kan kafaɗar Likita, ya ɗaga murya yadda har mai faci a ƙarshen layi zai ji. "Kai! Wannan ai gawa ce. Ko makaho ya shafa ya san ya tsage. Auta, taso in ba ka sabbi guda huɗu, orijina, ka huta."

Na ga wuyan yayana ya miƙe. Ya juyo a hankali, ya gyara zaman abin sauraron ƙirji.

"Wa ya ce gawa?" in ji shi. "Tun yaushe mai sayar da kaya a kwali ya fara sanar da mutuwa a asibitina? Jama'a, ku matso. Wannan shi ne abin da ya lalata sana'a. Abu ya ɗan yi ciwo, a ce jefar, sayi sabo. In haka ne me ya sa ake da likita? Kowane mai aljihu ya iya sayen sabo. Tayar da wanda aka fid da rai a kansa, wannan sai mu. Wannan fistin zai koma cikin injin nan, kuma da hannuna zan mayar da shi."

Ma'aikatan suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Ni kuwa na dubi Orijina da irin kallon da ake yi wa wanda aka kayar a gaban surukansa.

Sai aka shiga gwaji. Likita ya karɓi sifana, ya riƙe ta da yatsa biyu kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani. Ya rataye fistin na farko a yatsa ya ƙwanƙwasa, ya yi ƙara wasai kamar ƙararrawa. Na biyu ma haka, na huɗu ma haka. Da ya bugi na uku sai ya ce "ƙwaf", kamar an bugi fasasshen kwano.



"Kun ji?" in ji Likita. "Muryar manya ke nan. Ƙarfen da ya ga duniya ba ya tsiwa irin ta yara."

Na gyaɗa kai har sai da wuyana ya amsa.

Daga nan ya sa aka buɗe kabad ɗin gilashi, aka ɗauko ma'aunin kauri da ke kwance a cikin akwatinsa mai laushin ciki. Wannan ma'auni baƙi kawai ake nuna wa, kamar kofin gasa. Ya matse fistin da shi, ya nesanta shi da fuskarsa iya tsawon hannu, ya ƙanƙance ido. Idon yayana ya daɗe da raunana, amma ya ce tabarau na masu ƙaramin sani ne. Daga inda nake zaune na ga lambobin suna kallona ni, ba shi ba. Ya rufe akwatin ya ce, "Daidai."

Da mutane suka ɗan ragu na ɗauki fistin ɗin, na bi layin nan da farce. Farcena ya maƙale. Na sassauta murya na ce, "Yaya, kamar akwai ɗan layi a nan."

Bai sassauta tasa ba. "Layi? Auta, buɗe tafin hannunka. Mene ne waɗannan? Ba layi ba ne? To ka mutu?"

Aka fashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

A gida na tarar da matata a kan keken ɗinki. Na ba ta labarin yadda Yaya ya kunyata Orijina, har da kwaikwayon murya. Ta saurara har na gama, ƙafarta ba ta bar feda ba.

"To shi ƙarfen ya tsage ko bai tsage ba?" ta ce.

"Ba a nan maganar take ba."

"A ina take? Baban yara, motar nan ita ce cinmu. Mai gidan burodin nan da ya fara karɓar ƙwai a hannunka, in ka saɓa masa sau ɗaya wani zai ba. Abin da na tara na ɗinki zai sayi sabbin. Ka karɓa ka sa, Yaya ba sai ya sani ba."

Na yi murmushin tausayi. Na zaunar da ita, ko da yake a zaune take, na yi mata bayanin cewa ƙarfe yana da ƙwaƙwalwa. Tsohon fistin ya san raminsa, sun saba, sun san halin juna. Sabo kuwa baƙo ne, sai ya yi ta karo da bango kafin ya gane hanya. Ban taɓa jin Yaya ya faɗi haka ba. Daga kaina ya fito, kuma na ji daɗin yadda ya fito.

Ta ce, "Allah ya ba ƙarfen lafiya," ta ci gaba da ɗinki.

Duk da haka maganarta ta tsaya mini a rai. Washegari da hantsi na zagaya ta bayan layi, na shiga shagon Orijina a sunkuye, wai in ga sabbin da idona kawai. Ya sauko da kwalin, ya buɗe. Suna ta sheƙi, sumul, ba zane ba layi. Har na miƙa hannu. Sai Orijina ya taka bakin ƙofa, ya haɗa hannu biyu a baki.

"Likita! Ga ƙanenka ya zo neman magani a wajenmu!"

Ban san lokacin da na fizgi wani ƙwan fitilar mota na biya ba. Na fito ina ɗaga shi sama kamar shaida, ina cewa, "Ƙwan fitila! Ƙwan fitila na zo saya!" Ƙwan ma ba na irin motata ba ne.

Likita yana tsaye a ƙofar gareji. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Auta, ni na goya ka. Ni na koya maka tuƙi. In hannuna bai ishe ka ba, ga injinka can, a zuba maka a buhu ka kai inda ka yarda da su."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rantse masa da duk abin da na tuna cewa ko fistin ɗin ya rabe biyu, in dai shi ya ce a mayar, a mayar. Ya dafa kaina a gaban mutane. Na koma benci ina jin kamar an ƙara mini girma.

Ranar haɗa inji gareji ya cika. Likita ya aika an gaya wa duk layin, ban da shago ɗaya. Ya naɗe hannun farar rigarsa, ya sa aka shimfiɗa masa tsumma a cinya. Ya bi gefen fistin na uku da samfefa har ya yi ƙyalli. Ya goge bakin da ya gutsure da zarto. Siririn layin nan na jikin fistin ma ya bi shi da guga har ya daina ganuwa, ya ɗaga shi sama ya ce, "Ina tsagar? Wanda ya ga tsaga ya nuna mini." Ba wanda ya gani. Aka sa sabbin zobba. Wajen zura fistin ɗin a rami sai da ya yi ta nishi, sifana ta kuɓuce masa ta faɗa cikin tiren mai, wani ɗigo ya yi tsalle ya sauka a kan farar rigar. Duk muka kau da kai, don akwai abin da bai kamata ƙarami ya gani ba.

Aka mayar da inji, aka ba ni makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Wallahi ta tashi, kuma da daɗin ji. Sai dai can ƙasa akwai wani ɗan "tak, tak, tak" da ke bin ƙarar.

Likita ya ɗora abin sauraro. "Bugun zuciya," ya ce. "Injin da ba ya wannan ai matacce ne."

Aka tafa. Ya shiga gaba ya zauna, ya ce in bi ta ƙofar shagon Orijina a hankali. Na bi, ina danna ham. Da muka kai ƙarshen layi ban jira umarni ba, na juyo na sake bi.

Motar ta yi 'yan kwanaki tana aiki, ni kuma ina aikin ba da labari. Duk shagon da na sauke ƙwai sai na sauke musu tarihin fistin na uku. Har wani mai shago ya roƙe ni in riƙa ajiye kaya in tafi, don ina kore masa masu saye. A gida kuwa na riƙa tambayar matata, "Ina masu cewa ƙarfe ya tsage?" Bugun zuciyar yana ta ƙaruwa, ni kuma ina ƙara ƙarar rediyo.

Ranar da abin ya faru, mai gidan burodi ya yi odar da bai taɓa yin irinta ba. Na loda ƙwai har sama da kan mota. Akwai wata hanya mai hawa kafin a kai wurinsa. Ina tsakiyar hawan, na taka mai, sai na ji wata ƙara kamar an jefa guduma cikin tukunya. Motar ta yi tsalle, ta mutu. Kafin in tuna inda birki yake ta fara komawa da baya, ta sa ƙafa ɗaya a kwata, ta kwanta a gefe a hankali kamar mai jin barci.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Ƙwai kuwa, ban taɓa sanin suna da yawa haka ba sai da na gan su a waje ɗaya. Suka gangara titi, suka haɗu da baƙin man da ke tsiyaya daga inji, rana kuma ta fara aikinta a kai. Mutane suka taru suna mini sannu da hannu a hanci.

Likita ya iso a bayan babur, riga na kaɗawa. Jama'a suka buɗa masa hanya. A gefen injin akwai rami wanda dunƙulen hannu zai shiga, sandar fistin ta leƙo ta ciki kamar mai neman hanya. Gutsattsarin na ukun suna warwatse a ƙasa. Duk da haka sai da yayana ya durƙusa, ya ɗora abin sauraro a kan injin da ke da taga, ya lumshe ido.

Ya miƙe ya fuskanci taron. "Jama'a, ku zama shaida. Huɗu na mayar, uku suna nan lafiya lau. A kowane asibiti wannan nasara ce. Ɗayan ma lafiya muka rabu da shi. Amma likita ba ya bin maras lafiya gida. In an sallame ka aka ce ka bi a hankali, kai kuma ka ɗora masa kayan duniya ka hau dutse da shi, laifin wa?" Ya juyo gare ni. "Auta, ƙafarka ta cika nauyi. Tun kana yaro nake gaya maka."

Ina tsaye, ƙwai har idon sawu. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ka yi haƙuri, Yaya."

"Ba komai," ya ce. "Ɗan'uwa ai ba a fushi da shi."

Mai gidan burodi ya ba wani odarsa. Sauran shagunan ma suka bi. Injin ya tashi daga aiki gaba ɗaya, gangar motar kuma aka ɗora ta a kan duwatsu a bayan gareji. Matata ba ta ce mini ta faɗa ba, ko sau ɗaya. Keken ɗinkinta ne kawai ya koma yin ƙara fiye da da, musamman idan na shigo. Da zaman gida ya ishe ni na fita neman aiki, kuma mutum ɗaya ne a layin ke neman mai kai kaya a babur. Haka na zama ɗan aiken Orijina. Yaya ya ce ya yafe mini wannan ma.

Bayan wani lokaci, wata safiya, Orijina ya miƙo mini kwali a naɗe cikin baƙar leda, yana wani murmushi da ban so ba.

"Kai wa yayanka. Ya ce ta ƙofar baya."

Na zagaya. A can ƙuryar gareji, bayan wani tamfol da aka rataya, na tarar da motar Likita ta kansa, baki a buɗe, an sauke injinta. Shi kaɗai ne a wurin. Ya karɓi kwalin da sauri ya buɗe. Sabbin fistin huɗu, suna sheƙi.

Tsofaffin suna jere a kan tebur. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, na juya, na bi su da farce. Ba tsaga, ba gutsurewa, ba lotsawa. A jikin ɗaya ne kawai na ga wani ɗan zane, wanda sai ka karkata shi wajen haske kafin ka gan shi. Na ƙwanƙwasa shi, ya yi ƙara wasai.

"Yaya," na ce, "waɗannan ai ba abin da ya same su."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ba ka ga zanen nan ba? Auta, wannan fa motata ce. Ni nake shiga."

Na tsaya riƙe da fistin ɗin. Sai zuciyarsa ta 'yan'uwantaka ta motsa. Ya tattara tsofaffin huɗun, ya zuba a ledar da na kawo sabbin, ya danƙa mini.

"Riƙe waɗannan. In Allah ya hore maka wata motar, ka kawo in sa maka. Lafiyarsu ƙalau."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Suna nan ƙarƙashin gadona, na naɗe su a tsumma don kada ƙura ta taɓa su.